Yadda Ake Murjajjen Dankalin Turawa Ba Madara Ba Bota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zan ɗan tsawaita, domin in yi bayani a kan wani girki da ya shigo gidajenmu amma har yanzu bai zauna da gindinsa ba, wato murjajjen dankalin Turawa, wanda ake dafawa a murje shi ya yi laushi, a ci da miya ko nama ko kifi. Kusan duk inda aka koyar da shi, a shafukan girke-girke ko a bidiyon waya, sai ka ji an ce a kawo madarar gwangwani da bota. Wannan ya sa gidaje da dama suka haƙura da shi. Wani madara na ɓata masa ciki, wata likita ya hana ɗanta duk abin da ya fito daga nonon saniya, wata kuwa kuɗin botar ne ya fi ƙarfin cefanen ranar. Ina so in tabbatar wa 'yan uwana mata, da mazan da ke shiga madafa, cewa ana yin sa ba madara ba bota ya yi kyau ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi a wurinmu shi ne yadda hannu ke sarrafa dankalin.

Kafin a ɗora tukunya, sai an san wa za a yi wa girkin, domin masu ƙaurace wa madara iri biyu ne. Akwai wanda cikinsa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, wanda likitoci ke kira laktos. Hanjin jariri yana samar da sinadarin da ke narkar da wannan sukari, amma a wajen kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin yakan ragu bayan yaye. Shi ya sa wani in ya sha shayi mai kauri sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokacin har da gudawa. Fulani makiyaya da yawa sun gaji jikin da ke ci gaba da narkar da madara har tsufa, amma ba kowa ke da wannan gadon ba. Mai irin wannan matsala yakan iya cin abin da aka sa wa ɗan man shanu ya kwana lafiya, domin laktos ɗin da ke cikin man kaɗan ne. Na biyu shi ne wanda jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara ɗungurungum, kuma an fi ganin haka a yara ƙanana: ƙuraje, ƙaiƙayi, amai, kumburin leɓe, a wasu lokutan har numfashi ya sarƙe. Wannan ba a yi masa sassauci ko kaɗan. Man shanu, kindirmo, cuku, duk ba nasa ba ne, kuma cokalin da aka juya shayi mai madara da shi kada ya shiga tukunyarsa sai an wanke.

Ga mai girka wa irin wannan yaro, a lura da kayan kanti. Madarar gari mai araha da aka cire mata kitsenta aka sa man itatuwa har yanzu madara ce. Farin garin da ake zubawa a shayi a madadin madara yakan ƙunshi furotin ɗin madara. Botar roba ta shafa wa burodi, duk da cewa da man itatuwa ake yin ta, wasu kamfanoni kan haɗa ta da garin madara. A juya bayan robar a karanta. In aka ga milk, whey, casein ko lactose, ko kuma lait a kayan da aka rubuta da Faransanci kamar na kasuwannin Nijar, a mayar da ita kan kanta.

To, wane aiki madara da bota ke yi a cikin dankalin? Maiƙo da ruwa suke kawowa, sai ɗan gardi. Bota kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, yawancin sauran ruwa ne. Madarar saniya kuwa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Don haka in an ce a sa bota giram 60 a kilo ɗaya na dankali, ainihin man da ya shiga bai wuce giram 48 ba, wato babban cokali uku da rabi na man gyaɗa. Wanda ya fahimci wannan lissafi ya san cewa mai da ruwan zafi mai ɗanɗano za su iya tsaya masa. Ba sabon abu ba ne kuma. A Peru, ƙasar tsaunukan Andes inda dankalin ya samo asali, suna da abincin da ake kira causa, wanda ake murje dankali da mai da lemun tsami da barkono mai ruwan ɗorawa. Girkawa suna da skordalia, dankali da tafarnuwa da man zaitun. Babu madara a ainihin ko ɗaya daga cikinsu.

Zaɓen dankali shi ne rabin aiki. Yawancin wanda muke ci a Najeriya daga Filato yake zuwa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da kewaye, inda sanyin tsauni ya karɓe shi, kuma akwai tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos. A Nijar ana noma shi a Bonkuku da lambunan Azbin na jihar Agadas. Sai dai a kasuwa ba kasafai mai tiya ke faɗa miki sunan iri ba, alhali irin yana da tasiri. Akwai dankali mai gari, wanda in ya dahu yake farfashewa da kansa, shi ne ya fi dacewa da murzawa. Akwai mai santsi, irin su Nicola da aka daɗe ana nomawa a Filato, wanda ke riƙe jikinsa bayan dahuwa. Shi ya fi kyau a fate ko a miya, in kuma za a murje shi sai an lallaɓa. Sabon haƙa na damina, wanda ɓawonsa ke saluɓewa in an goga da yatsa, ruwa ya yi masa yawa. Wanda ya ɗan kwana biyu a ajiye, ɓawonsa ya kama jiki, ya fi. Mai son tantancewa a gida sai ta narkar da gishiri giram 120, kamar babban cokali bakwai, a ruwa lita ɗaya, ta jefa dankalin. Wanda ya nutse ya fi sitaci, shi za a murje. Wanda ya taso a ajiye shi don wani girkin.

Duk inda dankali ya yi kore, ko ya fito da tsiro, a yanke wurin da zurfi a yar. Koren alama ce ta cewa haske ya taɓa shi, kuma a nan ne gubar da ake kira solanin ke taruwa. Tafasa ba ta kashe ta. In koren ya mamaye shi, ko aka ɗanɗana aka ji ɗaci da ƙaiƙayin maƙogwaro, a zubar da shi gaba ɗaya, musamman in yara za su ci. Kada kuma a ajiye ɗanyen dankali a firji, domin sanyi mai yawa na mayar da sitacinsa sukari, sai a gama girki a ji wani zaƙi da ba a gayyata ba. Wuri mai duhu mai iska ya ishe shi, a cikin kwando, ba a leda ba.

Ga ma'auni na mutum huɗu: dankali kilo 1, wato kamar guda 12 zuwa 15 in girmansu ya kai ƙwan kaza, ruwa lita 1 da rabi, gishiri babban cokali 1 na cikin ruwan dahuwa, mai babban cokali 4, tafarnuwa ƙwaya 4, albasa madaidaiciya 1, masoro rabin ƙaramin cokali, sai ruwan haɗi, wanda za a sassauta murjajjen dankalin da shi, mililita 120 zuwa 180, wato daga rabin kofi zuwa kashi uku cikin huɗu na kofi.

A fere dankalin, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta kai kamar santimita 4, kuma su zo daidai da juna. Dalilin daidaitawar shi ne in wasu sun fi wasu girma, ƙananan za su narke su sha ruwa tun manyan ba su nuna a tsakiya ba, sai a samu abu mai ruwa-ruwa kuma mai gudaji a lokaci guda. Kada a yanka shi ƙanana don a yi sauri, yawan yanka yawan shan ruwa. A ɗauraye shi sau ɗaya ko biyu har farin ruwan nan ya tafi, domin sitacin da wuƙa ta fitar ne, in ya zauna danƙo yake ƙarawa.

A zuba shi a ruwan sanyi, ba a tafasasshe ba, ruwan ya ɗan sha kansa da kamar gaɓar yatsa biyu. In aka jefa dankali a ruwan da ke tafasa, bayansa zai dahu ya fara zubewa alhali cikinsa ɗanye ne. A sa gishirin tun yanzu, tare da ɓararriyar tafarnuwar. Babban cokali zai yi wa wasu kamar ya yi yawa, amma yawancinsa a ruwa zai tsaya, kuma gishirin da ya shiga dankali yana kan wuta ya fi wanda aka barbaɗa daga baya ratsa shi. A nan dole in ja kunne a kan kanwa. Mun saba sa ta a wake don ya yi saurin nuna, amma a dankali sai ta narkar da bayansa ya zama kunu, ta kuma sauya masa launi da ɗanɗano. Abu mai tsami kuwa, irin su tumatir ko lemun tsami ko tsamiya, akasin haka yake yi, hana shi laushi yake. Ruwa da gishiri da tafarnuwa kawai.

Da ya tafasa a rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali, minti 15 zuwa 20. Masu girki da gawayi su janye 'yan garwashi, masu itace su zare ɗaya. A Jos da makamantanta, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,200 daga teku, ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100, don haka a ƙara 'yan mintoci. Ba agogo ne alƙali ba, wuƙa ce: a soka ta a gunduwar da ta fi girma, in ta shige ba turjiya kuma dankalin ya sulluɓe daga jikinta da kansa, ya yi. In akwai ɗan tauri a tsakiya, gudaji ne ke jira, kuma babu irin murzar da za ta gyara shi.

Kafin a tace, a ɗebi ruwan dahuwar kofi ɗaya a ajiye a rufe. Wannan ruwa da ake zubarwa a kwata shi ne madadin madara mafi sauƙi, domin yana ɗauke da gishiri da ƙamshin dankali da ɗan sitacin da ke taimaka wa mai ya haɗe da ruwa. Sai a tace dankalin a kwando, a mayar da shi cikin tukunyar, a ɗora a wuta kaɗan na minti ɗaya ko biyu ana girgizawa, har tururi ya ragu kuma gefen dankalin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki, ni kuwa a ganina ya fi zaɓen mai muhimmanci. Dankalin da ya tsane shi ke da wurin karɓar mai da romo. Wanda ke cike da ruwan tukunya, duk abin da aka zuba masa a sama yake tsayawa.

Yanzu aka zo inda ake yawan faɗuwa. Hannunmu ya saba da tuƙi da daka. Sakwara ana kirɓa ta ne da gangan domin ta yi danƙo ta riƙa jan hannu, kuma danƙon nan sitaci ne da taɓarya ta fasa ya fito ya kama juna. A murjajjen dankali kuwa, abin da ake nema a sakwara shi ne ake gudu. Sitacin dankali yana cikin wasu 'yan ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani. In ya ji zafi, daga wajen digiri 60 zuwa 70, sai ya sha ruwa ya kumbura a cikinsu. Aikin mai girki shi ne ta raba jakunkunan nan da juna ba tare da ta fasa su ba. In sun rabu lafiya, dankali ya yi sako-sako yana narkewa a baki. In sun fashe, ya zama gam. Saboda haka ba turmi, ba blanda, ba injin markaɗe, ba tuƙi da muciya. Blanda ce ta fi ɓarna, cikin daƙiƙoƙi kaɗan take gamawa da shi, kuma da yake babu kitsen bota mai yawa da zai rufa asiri, danƙon ya fi fitowa fili.

Abin da ya dace shi ne a danna, ba a juya ba. Mai abin murza dankali na ƙarfe, mai huji-huji ko mai lanƙwasa, ta danna daga sama zuwa ƙasa, ta ɗaga, ta matsa gaba, ta zagaye tukunyar sau biyu ko uku ta tsaya. Wadda ba ta da shi, babban cokali mai yatsu ya wadatar, ko gindin kofin silba mai tsabta. Mai son ya yi sumul ƙwarai, kamar don jariri ko mara lafiya, sai ta samu rariyar ƙarfe mai ɗan faɗin ido, ta riƙa sa dankalin kaɗan-kaɗan tana danna shi da bayan ludayi yana zuba a kwano. Wannan ta fi kowace hanya ba da laushi, domin kowane yanki sau ɗaya kawai ake taɓa shi. Duk wadda aka bi, a yi da zafinsa. In ya huce sitacin ya fara ɗaurewa, sai a ga ana ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfin kuma shi ke kawo danƙo. Tafarnuwar da ta dahu a ciki a murje ta tare, ta riga ta rasa yajinta, sai ƙamshi.

Mai ake fara zubawa kafin ruwa, kuma da ɗuminsa. In mai ya riga shiga, yana lulluɓe dankalin ya rage yadda sitaci ke kama ruwa ya yi yauƙi. Man gyaɗa na gida, na masu ƙuli-ƙuli, ya fi kowane ba da gardi a nan, amma ɗanyensa yana da gafi. A zuba cokali huɗun a kasko, a yanka albasar ƙanana, a soya a wuta kaɗan na kamar minti 10 har ta yi taushi ta fara ja, kada ta ƙone. Za a iya juye man da albasar duka, ko a tsame albasar a barbaɗa a sama. Wannan soyayyar albasa ita ke cike gurbin daɗin da bota ke bayarwa, kada a raina ta. Man zaitun ba ya buƙatar suya, ɗumamawa kawai, sai dai mai ƙarfin ɗanɗano yakan ɗan yi ɗaci, don haka a raba biyu da wani man mara ƙamshi. Manja yana ba da launi mai kyau, amma cokali ɗaya cikin huɗun ya isa, in ya wuce haka ya danne ɗanɗanon dankalin. Kitsen kaza da aka narkar yana da daɗi matuƙa. Kakiɗe da man kaɗe da man kwakwa kuwa suna daskarewa in sun huce, sai a ji suna kama dasashi, musamman da hunturu. In za a sa su a haɗa da man gyaɗa, a kuma ci abincin da zafi.

Bayan mai, sai ruwan haɗi, shi ma da zafinsa, babban cokali biyu-biyu ana kifa dankalin a kan juna da cokalin katako a hankali. Ba a zuba shi gaba ɗaya, domin wani dankalin mililita 120 ta ishe shi, wani sai ya sha 180. A tsaya lokacin da ya ɗan fi yadda ake so laushi kaɗan, saboda yana ƙara kauri a faranti. Ruwan dahuwar da aka ajiye shi kaɗai yana yi. Romon kaza ko na nama da aka tace ya fi shi daɗi, sai dai a tuna akwai gishiri da dunƙule a ciki, a ɗanɗana kafin a ƙara.

Ga mai son farin launi da kauri irin na madara, akwai hanyoyi, kuma ba duka suke daidai ba. Madarar kwakwa ce ta fi kama da ta saniya wajen maiƙo. A goge kwakwa ɗaya, a zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, a murza a tace da ƙyalle, a ɗumama ba tare da ta tafasa da ƙarfi ba. Tunda tana da mai sosai, a rage man gyaɗa zuwa cokali biyu. Ƙamshinta yana fitowa, ya fi tafiya da kifi ko miya mai yaji. Madarar waken suya ba ta da ƙamshi mai yawa in an yi ta da kyau, amma dole a tafasa ta minti 15 zuwa 20 kafin a yi amfani da ita, domin ɗanyen waken suya yana ɓata ciki kuma yana da gafi. Kada a haɗa ta kai tsaye da lemun tsami, za ta tsinke, tunda da tsami ake kama awara. Gyaɗa ma tana yi: rabin kofi na ɗanyar gyaɗa da aka cire wa jan ɓawo, a markaɗa da ruwa kofi ɗaya da rabi, a tace, a tafasa kamar za a dama kunun gyaɗa. A tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yamushe. Kunun aya na sayarwa kuwa ban ba da shawara ba, domin an riga an sa masa dabino ko sukari, kuma ita ayar kanta tana da zaƙi. Haka madarar waken suya ta kwalba, yawancinta da sukari take zuwa. Dankali mai zaƙi a gefen miyar albasa ba ya shiga.

Gwaiduwar ƙwai ɗaya, in aka juya ta da sauri cikin dankalin yana tururi, tana ba shi launi da santsi, kuma ƙwai ba ya cikin dangin madara. A bar tukunyar a wuta kaɗan na minti biyu bayan an sa, domin ta nuna. Daga ƙarshe a sa masoro, da ɗan gogaggiyar gyaɗar ƙamshi in ana so, da yankakken lawashi. Sai lemun tsami rabin ƙaramin cokali, bayan komai ya haɗu. Ba don a ji tsami ba ne, yana farkar da ɗanɗano ne, yana kuma rage launin toka da wasu dankalin kan yi bayan dahuwa, wanda ke faruwa in ƙarfen da ke cikin dankalin ya haɗu da wani sinadarinsa a gaban iska. Tokar ba ta cutarwa, ido ne kawai ba ya so.

In an gama aka ga ya yi ruwa, a mayar da shi wuta kaɗan ba murfi, ana kifawa jefi-jefi har ya tsane. Kada a zuba fulawa ko garin masara, ɗanyen gari zai fito a baki. In mai ya taso yana ƙyalli a sama, alama ce ta ruwa ya yi kaɗan ko an zuba man da sanyi, sai a ƙara ruwan dahuwa mai zafi cokali biyu a kifa, zai koma ciki. In ya yi salam, yawanci gishiri ne ya gaza, ba maiƙo ba, a gwada shi tukuna kafin a ƙara mai. In gishiri ya yi yawa, babu magani sai a dafa ƙarin dankali biyu ko uku ba gishiri a murje a haɗa. Danƙo ne kaɗai ba ya gyaruwa, domin sitacin da ya fito ba ya komawa. Amma ba a zubarwa. A bar shi ya huce, a sa ƙwai ɗaya da fulawa cokali uku da attaruhu da albasa, a mulmula a ɗan danne, a soya a mai kaɗan. Ko a shimfiɗa shi a faranti a shafa mai a gasa har samansa ya yi ja.

Dankalin Hausa ma ana yi masa haka, sai dai ya fi ruwa kuma ba ya saurin danƙo, don haka a rage ruwan haɗi da rabi. Haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku na na Turawa yana ba da launi mai kyau in mai jan ciki ne.

In ba nan take za a ci ba, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi a rufe, zai jira kamar awa ɗaya bai ɓaci ba. Kula ma tana riƙe shi, amma kada a bar shi a ciki tun safe har dare. Dafaffen dankali mai danshi wuri ne da ƙwayoyin cuta ke so, balle a zafin Maris da Afrilu. Abin da ya rage a sa shi a firji kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku in wuta ta tsaya. In wutar ba ta da tabbas, a girka daidai ci. Wanda aka haɗa da madarar kwakwa ko ta waken suya ya fi saurin tsami. Wajen ɗumame a zuba ruwa ko romo cokali biyu a gindin tukunya, wuta kaɗan, a rufe, a bari ya yi zafi har tsakiya kafin a juya.

Masu ciwon sukari su sani cewa dankalin da aka murje yana saurin ɗaga sukarin jini, cire madara bai canza wannan ba. Su ɗebi kaɗan, su cika farantin da ganye da wake ko kifi. Jariri kuwa, daga wata shida za a iya fara ba shi, amma a cire masa nasa a dafa daban ba gishiri ba dunƙule, a bi da shi ta rariya, a sa mai ƙaramin cokali ɗaya, a sassauta da ruwan dahuwa ko nonon uwa da aka tatsa. Yaron da jikinsa ke ƙin madarar saniya wani lokacin yakan ƙi waken suya ma, gyaɗa da ƙwai kuma suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu yara da irin wannan matsala. Don haka a fara masa da ruwan dahuwa da man da aka san ya saba da shi, sabon abu kuma a shigo da shi ɗaya bayan ɗaya bisa shawarar likitansa. Waɗannan madarori na kwakwa da gyaɗa da waken suya na gida kayan girki ne kawai, ba sa maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai da asibiti ta rubuta.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wassalam,
Wata malamar koyar da girke-girke,
Jos, Jihar Filato.